Jan Zakaran Gwaggo Tabawa

"Ku matso kusa, ku yi shiru. Ga ta nan, ga ta nanku."

"Ta zo, Kaka, mu ji ta!"

Wata tsohuwa ce, sunanta Tabawa. Tana da kaji bakwai a bayan ɗakinta, da jan zakara guda. Da kajin nan take rufa wa kanta asiri. Sai zakaran ya ishe ta. Ga cin tsaba, ga cara a bakin ƙofa, ga shi ba ya ƙwai. Ran nan ya kifar mata da ƙwaryar gero, sai ta fusata ta ɗaure masa ƙafafu. Daidai nan Kande, 'yar ƙanenta da ke aure a ƙetaren rafi, ta shigo gaisuwa.

"Ungo, Kande, ku yi miya."

"Gwaggo, kajinki fa?"

"Sun huta, ni ma na huta."

Sai gida ya yi tsit. Kaji suka ci gaba da ƙwai, Tabawa ta ce, "Ashe ma banza nake ciyarwa." Bayan wata biyu kaza ɗaya ta yi kwanci. Sati uku cur, ko ɗan tsako ɗaya, duk baragurbi. Ta biyu ta kwanta, haka. Ta uku ma haka. Ana nan sai shaho ya gane gidan. Da can, in zakara ya ga inuwa a sama, sai ya ƙwala ihu, kaji su faɗa ƙarƙashin rumbu. Yanzu ba mai ihu. Shaho ya yi ta ɗauka, har saura uku.

Sai Tabawa ta yafa mayafi, ta fita neman aron zakara. Ta shiga gidan Delu.

"Wayyo Iya, mun yanka namu ranar suna."

Ta shiga gidan Malam Barau.

"Ai kuwa Iya, jiya aka kai shi kasuwa."

Sai ta tattare zane, ta ƙetare rafi, kunya kamar ta kashe ta. Tambaya kawai za ta yi, ko Kande ta san mai zakara. Tana sa ƙafa a zaure, sai ta ji cara. Ta tsaya cak. Ta san muryar nan.

"Kande! Ba ku yanka shi ba?"

"Gwaggo, har maigidan ya wasa wuƙa, na ce ya dakata. Na ga cikin fushi kika ba ni."

Sai Kande ta kamo zakaran. Ta koma ta ɗauko kwando, da kaza a ciki da 'yan tsaki tara.

"Waɗannan 'ya'yansa ne. Ki haɗa da shi da uwarsu, ki tafi da su."

Tabawa ta zauna a kan turmi, ta kama hannun Kande, hawaye na zuba. "Allah ya yi miki albarka, 'yar nan. Allah ya ba ki mai yi miki fiye da haka." Ta yi ta faɗa, har Kande ta rufe fuska. Mijin Kande ya ɗora kwandon a ka, ya raka ta har gida.

Kafin damina ta fita, akurki ya cika, sai da aka gina na biyu. Duk ƙyanƙyasa kuwa, ɗan tsakon da ya fi ƙiba, ƙetaren rafi ake kai shi.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu, ta ƙare. Kada ku rabu da abu ranar da ya ba ku haushi. Wanda kuma ya adana muku abin da kuka yar, ku gode masa har ku tsufa.