Rumfar Bakin Ƙofa

Shekara ashirin Gwaggo Tabawa na sayar da daddawa a rumfar bakin ƙofar kasuwa, wadda marigayi mijinta ya bar mata. Rannan Sarkin Kasuwa ya yi wa ɗansa mai sayar da wayoyi kwaɗayin rumfar, sai ya zo da sabuwar doka.

"Gwaggo, daga yau bakin ƙofa na wanda aka fi neman kayansa a intanet ne. Ke ki koma kusa da mahauta." Ya shafa wayarsa, ya nuna mata. "Kin gani? Mutum dubu ɗari suka nemi waya a watan nan. Daddawa kuwa, sha ɗaya."

"Ikon Allah!" in ji Gwaggo. "Ranka ya daɗe, ni ban yi boko ba. Dubu ɗarin nan, ko kayan na lungu za su gano shi?"

"Ko a rami yake, intanet za ta kai su. Aikinta ke nan!"

Gwaggo ta juya ga 'yan kasuwar da suka taru. "Kun dai ji da kunnenku. Ɗan Sarki ko a rami za a same shi. To, ga mahauta can, ta fi rami iska. Ni da ba mai nemana, in ba a yi tuntuɓe da ni a ƙofa ba, wa zai gan ni?"

Kasuwa ta kwashe da dariya. Sarki ya cusa waya a aljihu, ya juya.

"Ranka ya daɗe," in ji Gwaggo, "a ƙulla maka daddawar miya? Ka zama na sha biyu."