Gizo da Gashin Gaiwa

Ga ta nan tafe, ga ta nan gare ku.

Ta ƙaraso mu ji ta, Inna.

To ku matso. Wanda ya yi gyangyaɗi kada ya ce in maimaita, ba lada kuke ba ni ba.

Wata shekara aka yi fari, sama ta ƙi sakin ko ɗigo. Rijiyoyi suka ƙafe, tafki ya bushe ya tsattsage kamar diddigen mai faso. A gidan Gizo ruwa ya koma gindin randa. Ga autarsu Dela kwance, leɓɓanta sun fashe, in ta yi kuka ba hawaye.

A zamanin nan, in ruwa ya ɓuya Gaiwa ake tambaya. Kun san ta, kifin nan da ke shigewa laka in tafki ya ƙafe, ta bar 'yar kafar shan iska, ta yi ta barci har damina. Da yake cikin ƙasa take kwana, tana jin motsin ruwa duk inda ya bi. Amma ba a tashinta haka kawai. Sai an zuba mata ludayin ruwa ta kafar nan, maƙoshinta ya jiƙe, sannan ta faɗi inda za a haƙa.

Ƙoƙi matar Gizo ta karkata randa, ta tatso ludayi guda ta juye a gora.

"Maigida, rabin abin da ya rage ke nan. Kai wa Iya Gaiwa. Don Allah kada ka tsaya ko'ina, ka ga yarinyar nan."

"Ji mata! Ni za a koya wa aike? Duk gidan nan in abu ya ɓaci wa ake tashi? Ni. Wa ake yi wa godiya? Ba kowa."

Ya saɓi dagin haƙa rami. Da Ƙoƙi ta juya baya, ya zura hannu cikin jinka ya zaro tandun zuma da ƙullin yajin da ya ɓoye, mai barkono da citta da masoro. Gizo dai mutum ne mai ji da girkinsa. Cewa yake duk ƙasar ba hannu irin nasa, baƙin ciki ne kawai ya hana a faɗa.

Yana tafe rana na dukansa. Ya dubi gora ya ce, "Kurɓi ɗaya ba zai rage komai ba." Ya kurɓa. Ya yi gaba ya ce, "Ɗan aike ma ai rai gare shi." Ya kurɓa. Ya girgiza gora ya ji 'yar ƙara, ya ce, "Wannan a kai wa babba? Raini ke nan." Ya shanye.

A tsakiyar tafki ya sami kafar. Ya haƙa kewaye da ita, ya ɗago curin laka ɗungum da Gaiwa a ciki. Da ya ji nauyinta, cikinsa ya yi ƙugi. Ya ce a ransa, ikon Allah, ga kifi ga tanderunsa.

"Salamu alaikum, Iya. Gizo ne, mijin Ƙoƙi. Ina ruwa ya ɓuya?"

Wata murya ta fito kamar ana jan busasshen kara a ƙasa. "Jiƙa mini... maƙoshi."

Gizo ya buɗe tandu ya tsiyaya zuma ta kafar.

"Ɗan nan, wannan ruwa da kauri."

"Na bana ke nan, Iya. Fari ya sa ya daskare."

"Ka bi bakin tafki... ta gabas..." Sai zaƙi ya kwashe ta, ta koma barci.

Gizo ya buga cinya. "Dubi abin da nake fama da shi! Na ba ta abin da sarki ma bai samu ba, ta yi mini minshari." Ya sami kara mai rami, ya ɗura yaji, ya hura mata ciki.

"Atisha! Wayyo idona!"

"Guguwa ce ta wuce, Iya. Ta gabas, sai ina?"

"Har ka kai fadamar nan... inda gara ta yi suri ba iyaka. A gindin ɗaya... ruwan yake."

"Wanne?"

Busasshen maƙoshi da yaji a kai, magana ta maƙale.

La'asar ta yi sanyi, yunwa kuwa ta yi zafi. Gizo ya yi dabara. In ta ji ɗumi bakinta zai buɗe, ita ta gama magana, shi ya gama girki, aiki biyu wuri guda. Wa zai yi wannan tunani in ba shi ba? Ya tattaro karan dawa da busasshen kashin shanu, ya hura wuta ta yi garwashi jawur, ya tura curin ciki ya rufe.

"Iya, sanyi ne ya kama ki, ga ɗumi."

"Zafi! Ɗan nan, fid da ni!"

"Faɗi surin tukuna."

"Fid da ni in faɗa!"

Ya kai hannu zai jawo ta, sai ƙamshi ya bugi hancinsa, zuma ta fara ƙuna, citta ta tashi. Ya lumshe ido. Ya ce bari ya juya ta sau ɗaya tak, kada gefe guda ya nuna ya bar guda.

"Surin da... surin da ke..."

Ƙas! Laka ta fashe. Ga tsoka fara sol, zuma na tafasa a kanta. Gaiwa ta gasu.

"Iya? Surin da ke ina? Iya!"

Tururi kawai ke tashi. Gizo ya jawo ta daga garwashi. Sannan ya ce, "To, an riga an yi. Barinta almubazzaranci ne." Ya zauna ya cinye tas, yaji na fid da masa hawaye, yana cewa kuka yake yi mata.

Sai ƙishirwa ta taso, ta zuma da ta barkono a haɗe. Ya ruga fadama. Suri ko'ina, iya ganin ido. Ya haƙa gindin na farko, ƙura. Na biyu, gara ta cije shi. Na uku, dagi ya karye.

Da almuru ya dawo gida yana jan ƙafa. Ƙoƙi na bakin ƙofa, Dela a cinyarta.

"Maigida, me ta ce?"

"Bari ke dai, Ƙoƙi, an cuce ni. Tsohuwar nan ba ta da ta ido. Ana cikin magana ta nuna."

Ƙoƙi ta dubi maiƙon da ke bakinsa, ta dubi gorar da ke rataye ba komai. Ta juye sauran ruwan randa a bakin Dela, ta goya ta, ta kama hannun sauran 'ya'yan, ta bi sawun makiyaya zuwa kudu.

Tafiyar da nisa. Dela ba ta kai ba. A gefen hanya aka binne ta, ƙarƙashin wata ƙaya.

Hankaka ne ya kawo labarin. Ya iske Gizo a fadama yana tonon suri da farce, ya rame, ƙafafunsa sun koma kamar zare. Da Gizo ya ji, ya ce da dusasshiyar murya, "Wutar ce ta cika sauri. Ni kaɗan na juya ta." Ya matsa suri na gaba, ya ci gaba da tono.

To kun ji. In aka aike ku da ran wani a hannu, ku gama aiken kafin ku saurari cikinku. Abin da kwaɗayi ya gasa, nadama ba ta mayar da shi ɗanye.

Ƙungurus! Kan kusu ya faɗa toka, ku kuma ku tashi mini daga tabarma.