Tabarmin Bushiya Mai Magani

Ga ta nan, ga ta nanku. Ku ce ta zo mu ji ta. Yauwa.

A wani daji akwai Bushiya mai magani. Duk wanda ya yi sallama, sai ta shimfiɗa masa tabarma, ta ajiye ruwa, ta jira ya shigo. Haka ta gada wajen innarta.

Dila ma magani yake sayarwa, amma ko ƙuda ba ya leƙa shi. Baƙin ciki ya ishe shi. Sai ya tara kwaɗin fadama ya ce, "In kuna son ruwan sama, ku yi ta sallama a ƙofar Bushiya kuna gudu." Kwaɗi, Allah sarki, suka yarda.

Da safe sai aka ce, "Salamu alaikum!" Ta shimfiɗa tabarma. Shiru. "Salamu alaikum!" Ta shimfiɗa wata. Shiru. Kafin azahar tabarmi sun ƙare, babu kowa a kai.

Washegari ta aro na maƙwabta. Su ma suka ƙare.

Rana ta uku, sai ga Barewa da ɗanta, maciji ya sare shi a ƙafa. Ta yi sallama, ta ƙara yi, muryarta ta ɓace cikin hayaniyar kwaɗi. Bushiya tana ciki tana ta shimfiɗa, bayanta kamar zai karye. Can sai ta jiyo kukan yaro ƙasa-ƙasa.

Ta tsaya ta yi tunani. Ta ce, "Kai! Baƙo Inna ta ce in karrama. Ni kuwa murya nake ta karramawa."

Sai ta naɗe tabarmin, ta tsaya bakin ƙofa. Duk sallamar da aka yi ta amsa, ta ce, "Wane ne? Ina ke ciwo?" Kwaɗi sun yi tsalle sun gudu, wa zai amsa?

Murya ɗaya ta ce, "Ni ce Barewa! Ɗana, Iya, ɗana!"

Ta shigo da su, ta tsotse dafin, ta ɗaura magani. Yaro ya rayu, amma ƙafar ta riga ta mutu.

Barewa ta ce, "Iya, tun hantsi nake ƙofarki."

Bushiya ta sunkuyar da kai, hawaye na zuba.

To, kun ji, yara. Sallamar kowa a amsa ta, amma kada a shimfiɗa tabarma sai mai sallama ya nuna yana nan.

Ƙurunƙus, nan ta tsaya.