Hukuncin da Bunsuru Ya Yanke wa Gawo

Ku matso kusa. Yau kwana biyar ke nan raina ba a kwance yake ba. Harawa ta ƙare, awakina biyu sai kallona suke kamar ni na hana ruwa sauka, sama kuwa ko alamar hadari babu. Wannan tunani ne ya tuno mini da wata tatsuniya. To ga ta nan, ga ta nan gare ku.

Ta zo, Inna, muna saurare.

An yi wani ƙauye na dabbobi a bakin daji, inda rani kan wulaƙanta su duk shekara. Ciyawa ta bushe, kara ya ƙare, har ka ga saniya mai mutunci tana taunar leda a bola. Abin da ke riƙe da su kawai gawo ne guda bakwai, waɗanda kakannin wata Tunkiya suka shuka. Kun dai san halin gawo: da damina ya zubar da ganye ya tsaya tsirara, da rani ya yi kore shar, ya riƙa zubo da 'ya'ya.

Wata shekara Tunkiyar nan ta haifi tagwaye. Ta dube su, ta tuna rani. Ta tara jama'a ta ce, "Gawo bakwai ya yi mana kaɗan. Mu ƙara shuka itatuwan da za mu ci ganyensu in ciyawa ta tafi." Aka shuka zogale, aka shuka magarya, aka kewaye su da ƙaya. Sai aka ce a naɗa mai lura da su.

To akwai wani Bunsuru baƙo. A birni ya tashi, a ɗaure, dusa kaɗai ya sani. Sau uku ana ɗora shi a mota zuwa kasuwa, sau uku ana dawowa da shi ba wanda ya taya, har mai shi ya gaji ya sake shi. Amma in ka tambaye shi sai ya ce karatu ya je. Ga gemu, ga murya. Nan take aka naɗa shi Sarkin Itatuwa.

Damina ta yi tsaka, sarki ya fita zagaye, jama'a na biye.

Ya je gun zogale ya ce, "Wannan yana da rai. Bari in tabbatar." Ya tura ƙayar gefe, ya sa baki, ya tabbatar har saiwa.

Ya je gun magarya ya ce, "Wannan ma da alama tana da rai. Bari in tabbatar." Ya tabbatar har saiwa.

Ya je gun gawo, ya ɗaga kai, ko ganye ɗaya babu. Ya ce, "Inna lillahi! Matattun itatuwa kuka tara? A sare su duka."

Tunkiya ta ce, "Ranka ya daɗe, ai haka gawo yake. Da rani yake farkawa."

Ya ce, "Gwaggo, kin taɓa shiga mota?"

Ta ce, "A'a."

Ya ce, "To yi mana shiru."

Saniya ta ce, "Ni dai bara na ci 'ya'yansa, ranka ya daɗe."

"Hajiya, kin taɓa shiga mota?"

"A'a."

"To yi mana shiru."

Abin da ke ba ni tsoro a nan shi ne, duk wanda ke wurin ya ci gawon nan da bakinsa. Amma sai Jaki ya ce, "Wataƙila idonmu ne. Mai ilimi ya fi mu gani." Kowa ya gyaɗa kai. Aka kira Biri da gatarinsa. Ya sare na ɗaya, ana tafi. Ya sare na biyu, ana guɗa. Kafin la'asar shida na kwance.

Tunkiya ta dubi tagwayenta, ta dubi na bakwai. Ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, babba irinka ya yi aiki irin wannan, a ce ba a bar abin tunawa ba? A ƙyale wannan busasshen, a sa masa sunanka, duk mai wucewa ya san an yi sarki a nan."

Bunsuru ya shafa gemu ya ce, "Ashe kina da hankali. Ni ma abin da nake shirin faɗa ke nan." Aka ɗaura wa gawon jan ƙyalle, aka yi shela cewa duk wanda ya taɓa shi ya taɓa sarki.

Rani ya zo, irin wanda ƙasa ke tsagewa. Ba ciyawa, ba zogale, ba magarya. Nonon Tunkiya ya kafe, tagwaye ba sa iya tsayuwa. Sai ga gawon nan ya yi kore shar, 'ya'ya sun yi masa nauyi. Dabbobi suka taru a gindinsa.

Bunsuru ya ce, "Kun gani? Sunana ne ya tashe shi. Don haka ba mai ci sai na tabbatar." Ya taka bayan Raƙumi, ya daka tsalle cikin rassa. Garin miƙa wuya, ƙahoninsa suka maƙale tsakanin rassa biyu, ƙafafu na lilo. Ya yi fizge-fizge, sai 'ya'yan gawo suka zubo kamar ruwa. Jama'a suka duƙa ci.

Ya ce, "Ku sauko da ni!"

Tunkiya ta ce, "Ranka ya daɗe, ba ma ji, ɗan ƙara motsawa."

Ya motsa, suka zubo. Ya ce, "Na ce ku sauko da ni!"

"Iska na kwashe muryar, ranka ya daɗe. Ƙara motsawa."

Haka aka yi kwana uku. Tunkiya ta ci, ta ɓoye saura, nononta ya kawo, tagwaye suka miƙe suna tsalle. A rana ta uku Raƙumi ya kama shi ta wutsiya ya zaro shi.

Amma gawo ɗaya ba ya ciyar da gari. Rabin dabbobin sai da suka yi ƙaura kudu, wasu ba su dawo ba. Da ruwa ya sauka aka kira taro, Tunkiya ta ɗauka tsige Bunsuru za a yi. Sai Jaki ya miƙe ya ce, "Jama'a, wa ya hana a sare gawon nan? Sarki. Wa ya rataye kansa kwana uku don mu ci? Sarki." Aka yi tafi, aka ƙara masa sarautar rijiyoyi.

Tunkiya ta bar wurin taron. Ta bi inda dabbobi suka yi kashi, domin irin gawo ya fi saurin tsira in ya bi ta cikin dabba. Ta kwashe, ta kai bayan dutse ta binne, ta kewaye da ƙaya, ba ta gaya wa kowa ba.

To kun ji. Abin da ya ciyar da ku bara, kada ku yarda baƙo ya ce muku matacce ne don ya fi ku murya. Sai dai ni abin da ban sani ba, in shi ke riƙe da gatari kuma kowa na masa tafi, ya mutum zai yi? In kun sani ku faɗa mini.

Ƙurunƙus, ta ƙare a gindin gawo.