Farfelar Madaci

Ku gyara zama, ku bar hira. Ga ta nan gare ku, amma ba ta Gizo ba ce, ba kuma ta dariya ba. Idan na kai ƙarshe ku za ku yanke hukunci, don ni na daɗe ina juya ta ban kama bakin zaren ba.

A can cikin fadama akwai wani gari da ake kira Tudun Marke. A garin aka yi wata tsohuwa, Inna Tabawa, wadda mijinta ya daɗe da rasuwa ya bar ta da 'ya'ya maza uku da mace ɗaya. Babban cikinsu, Nomau, masassaƙi ne, kwale-kwale yake yi kamar yadda ya tarar ubansa na yi. Mai bi masa, Shekarau, ya yi zaman birni ya koyo aikin faiba, wani ƙyalle ne na zaren gilashi da ake jiƙawa da gam, in ya bushe ya yi tauri kamar ƙashi, ga shi ba nauyi. Da shi yake liƙe tankunan ruwa da jiragen ruwa masu inji. Na ukun, Jatau, shi ne ya yi boko mai zurfi. Wani kamfanin noman shinkafa da ya kafa gona a gefen garin ya tura shi ya koyo tuƙin jirgin sama, ya dawo yana yi musu feshin tsuntsayen jan baki da wani ɗan ƙaramin jirgi mai kujera biyu. Autarsu ita ce Yalwa, kuma kowa ya san a kanta zuciyar tsohuwa take.

Shi wannan jirgi, ƙashin fikafikansa katako ne, an lulluɓe shi da faiba, farfelar da ke hancinsa ita ma ta katako ce. Wata rana Jatau na shirin sauka sai garken jan baki ya taso masa a fuska, jirgi ya daki ƙasa da hanci. Farfela ta karye, fiffiken hagu ya tsage. Jatau ya fito ko ƙwarzane babu, amma tun daga ranar, ko ƙarar jirgi ya jiyo a sama sai tsoro ya kama shi. Ba a daɗe ba kamfani ya karye, masu shi suka tafi suka bar jirgin a wata rumfar kwano. Jatau yakan je ya share masa ƙura, ya shafa wa injin mai, amma bai ƙara zama a kujerar ba.

Yalwa ta auri wani masunci baƙo, Ilu, wanda ya zo daga nesa, ba wanda ya san danginsa. Da cikinta ya tsufa, ma'aikaciyar ɗakin shan magani ta duba ta, ta kira Tabawa gefe ta ce, “Inna, abin da ke cikin nan a gicciye yake kwance. Ba haihuwar gida ba ce. Sai an kai ta babban asibiti an yi mata aiki.”

Ana cikin shirin tafiya ruwa ya ɓalle. Shekarar ba a taɓa ganin irinta ba. Ruwa ya cinye gonaki, ya cinye hanya, ya tafi da gada, Tudun Marke ya koma tsibiri. Hanyoyin da kwale-kwale ke bi kuwa, ciyawar kachala ta toshe wasu, igiyar ruwa ta haukata wasu. Aka aika neman taimako, amsar da ta dawo ita ce a yi haƙuri, garuruwan da ruwa ya ci suna da yawa. Ilu ya ce ba zai zauna yana kallon matarsa ba, ya shiga kwale-kwalensa ya tafi neman mafita. Kwale-kwalen aka fara gani a kife. Shi kuma daga baya aka tsamo shi a cikin kachala.

Bayan an dawo daga maƙabarta Tabawa ta tara 'ya'yanta maza a zaure. Ta ce, “Na ga gawar ubanku, yau na ga ta surukina. Yanzu kuma in zauna in ga ta Yalwa da ciki? Ku uku ne fa, kuma duk maza.”

Can Shekarau ya ce, “Akwai jirgin nan.”

Nomau ya ce, “Wanda ba shi da farfela?”

Shekarau ya ce, “Itace ce, Yaya. Kai kuma itace ne sana'arka.”

Duk suka juya suka dubi Jatau. Da ya buɗe baki cewa ya yi, “Ku gyara. In ya gyaru sai a ga abin da Allah zai yi.”

Nomau ne ya fara. Ba kowane katako ke zama farfela ba: sai wanda ya bushe ƙarau, mai miƙaƙƙiyar jijiya, marar gaɓa, marar ido. A garin da ruwa ya jiƙa komai, wuri ɗaya ake da irinsa, a rufin ɗakin Nomau. Can ya jera wasu allunan madaci shekara da shekaru, yana tanadinsu don ya sassaƙa babban jirgin fito wanda zai ci abinci da shi har tsufansa. Ya sauko da su. Ya tattaro gutsattsarin tsohuwar farfela ya jera a ƙasa ya zama abin kwaikwayo, ya tsaga madacin falle-falle, aka liƙe su bisa juna, ya shiga fitar da murɗaɗɗiyar siffar nan da ke yankar iska. Kowane lokaci sai ya rataye ta a kan sandar ƙarfe ya ja da baya yana kallo, domin in gefe ɗaya ya fi ɗaya nauyi ko da na ƙwayar gero ne, girgiza za ta fizge injin daga jikin jirgi. Ya kuma yanko wani dogon katako ya yi wa karyayyen ƙashin fiffike ɗori. Saura kaɗan ya gama, gajiya ta ci ƙarfinsa, gizago ya goce ya sare shi a wuyan hannun dama. Tabawa na tsaye da ƙwaryar abinci ta ga jini ya yi tsiri. Ya ɗaure wurin da tsumma, ya ɗauki fasasshiyar kwalba da hagu ya ci gaba da kankara har farfela ta tsaya daram a kan sanda. Yatsun hannun nan ba su ƙara lanƙwasuwa ba.

Shekarau kuwa, da gam ɗinsa aka haɗa allunan farfela, kuma shi ne zai rufe fiffike. Abin da ya rage masa ɗan kaɗan ne a gindin gwangwani, in ya ɓata babu wani. Ga shi gam ɗin ba ya kamawa a cikin danshi, sararin sama kuwa kullum a jiƙe. Sai ya zagaye rumfar da tamfol ya toshe kowace kafa, ya hura gawayi a kasake ya ajiye a kusurwoyi, ya shige ciki ya rufe. Yana shimfiɗa ƙyallen faiba a kan ɗorin, yana shafe shi da gam, yana ƙara wani a kai, in ya bushe ya goge da takardar yashi, ƙura mai kama da garin kwalba tana tashi tana shiga masa ƙirji. Ya lulluɓe bakin farfelar ma don kada ruwan sama ya cinye itacen. Ya san sarai abin da warin nan da hayaƙin nan ke yi wa mutum, ya ga abin da suka yi wa maigidan da ya koya masa aikin a birni. Tabawa ta zo da fura za ta ɗaga tamfol, ya daka mata tsawa daga ciki:

“Inna, kada ki shigo! Iskar nan ba ta mutane ba ce.”

Ta ce, “To kai aljani ne?”

Sai tari ta ji. Ranar da ya yaye tamfol fiffike ya fito sumul kamar ba a taɓa karya shi ba, shi kuma ya durƙusa a bayan rumfa yana tofar da jini.

Sai aka zo kan Jatau. Man da aka tattaro daga injinan ban-ruwa na garin bai wuce na zuwa ba, balle a yi gwaji. Filin tashi ruwa ya ci rabinsa, sauran kuma taɓo ne, sai da mutanen gari suka shimfiɗa zana suka zuba yashi. Da hantsi naƙuda ta kama Yalwa. Aka ɗauko ta aka ɗaure ta a kujerar baya. Tabawa ta sami Jatau a tsaye gefen jirgi, gumi ya jiƙa masa riga, leɓunansa sun bushe. Ya ce da ita ƙasa-ƙasa, “Inna, in na kashe ta fa?”

Ta ce, “In ka bar ta a nan ma mutuwa za ta yi. Hau.”

Ya hau. Farfelar madaci ta juya, jirgi ya ruga yana watsa taɓo, har mutane suka fara salati don sun ga ya doshi ruwa, sai ga shi ya ɗaga. Tabawa ta bi shi da ido har hadari ya haɗiye shi. Sauran labarin daga baya ta ji. Jatau ya bi ƙarƙashin gajimare, ruwa na dukan gilashi, ƙasa duk ta zama teku ba alamar da zai bi sai kawunan itatuwa da ya sani tun zamanin feshi. Da ya iso birni ya tarar filin sauka shi ma a jiƙe. Yana taɓa ƙasa taya ta nutse, jirgi ya kwashe zai daki wata katanga. Cikin ƙiftawar ido ya murɗa shi, ya ba katangar gefen gaba inda yake zaune. Aka zaro Yalwa ba abin da ya taɓa ta. Shi kuwa sai da aka yanka jikin jirgi kafin a fitar da ƙafafunsa, kuma bai ƙara taka ƙasa da su ba.

Aka yi wa Yalwa aiki, aka ciro 'ya mace mai rai. Amma wahalar ta yi yawa, jini ya ƙi tsayawa. Kafin la'asar Yalwa ta cika.

Da ruwa ya janye Tabawa ta je ta ɗauko jaririyar, aka mayar mata da sunan uwarta, wata maƙwabciya mai goyo ta shayar da ita. Tsohuwa ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Abin da ke cin ta shi ne, duk inda ta juya a gidan sai ta ga abin da maganarta ta zaure ta jawo: ga mai shanyayyen hannu, ga mai tarin da ba ya barin kowa barci, ga wanda ake turawa a keke. 'Yar da aka yi duk wannan dominta kuma tana kwance a maƙabartar wani gari.

Lokacin da aka yaye yarinya, idon Tabawa ya fara dushewa, ƙafa ta ƙi. Ta san dole ta miƙa riƙon ga ɗaya daga cikin kawunnan, tunda dangin uba ba a san inda suke ba. Sai ga su sun zo mata ɗaya bayan ɗaya.

Nomau ya ce, “Inna, ni ne babba. Jirgi ba farfela ai akwati ne. Na ba da katakona, na ba da hannuna. Kin kuma san ni da matata Hanne mun daɗe Allah bai ba mu haihuwa ba.” Gaskiya ne, matarsa za ta riƙe yarinyar kamar ƙwai. Sai dai tun da sana'a ta tsaya, tukunyar gidansa ba kullum take hawa murhu ba.

Shekarau ya ce, cikin tari, “Ba don gam ɗina ba, allunan Yaya da sun watse a sama, fiffike kuma ya rabu biyu. A gidana za ta tashi cikin 'yan'uwa, ba za ta san maraici ba.” Wannan ma gaskiya ne. Amma Tabawa na jin yadda ƙirjinsa ke kuka, tana tsoron kada yarinya ta sake rasa uba kafin ta yi wayo.

Aka turo Jatau a kekensa. Da ya yi magana cewa ya yi, “Sun gyara, ban musa ba. Amma ba don ni ba, da a rumfa jirgin zai zauna. Ni ne na ƙarshe a cikinmu da ya ji muryar Yalwa.” Shi ya sami aikin koyarwa a makarantar tuƙin jirgi, yana da abin da zai ciyar da ita ya sa ta karatu. Sai dai ba shi da mata, ba shi da ƙafa, kuma birnin na da nisa da kowa nata.

Tabawa ta sallame su, ta zauna a bakin ƙofa da yarinyar a cinya. Da gona ce sai a raba ta uku, da saniya ce sai a sayar. Ta ɗauki wannan ta ajiye, ta ɗauki wancan ta ajiye, har rana ta karkata ba ta tsayar da magana ba.

To jama'a, ga mai itace, ga mai faiba, ga matuƙi. In ku ne Inna Tabawa, a hannun wa za ku sa wannan marainiya?