Manhajar da Masu Ita Suka Watsar

Shekari malamin kwamfuta ne a wata makarantar sakandare mai zaman kanta a Sabon Tasha. Ya san aikinsa, sai dai idonsa ba ya wuce sabon abu, kuma ba ya karɓar gyara.

Shekara bakwai da dawowar mulkin farar hula, wani coci ya ba makarantar tsofaffin kwamfutoci goma. Aka zo zaɓen babbar manhajar da za ta tafiyar da su, cikin na kyauta waɗanda 'yan sa kai ke haɗuwa su rubuta. Irene, sakatariyar makarantar, ta taɓa aiki a shagon intanet. Ta ba da shawarar wata da jama'a da dama ke kula da ita, da alkawarin gyara na shekara biyar. Shekari ya ce wannan ta tsofaffi ce. Ya ɗauko wata mai ƙyalƙyali, wadda mutum uku kacal suka ƙirƙira.

"Malam, in ukun nan suka gaji fa?" in ji Irene.

Ya ce ta ji da buga takardunta. Shugabar makarantar, Madam Juliana, ba ta san kan abin ba, ta bar masa wuƙa da nama.

Bayan wata tara gyare-gyare suka daina zuwa daga masu manhajar. Shekari ya lura, ya yi gum.

Da lokacin rajistar jarrabawar fita ya zo, shafin rajistar ya ƙi buɗewa, domin manhajar ta tsufa. Ya rubuta wa masu ita, shiru. Ya ci gaba da ɓoyewa har ranar ƙarshe. Da safen ranar ya goge manhajar cikin gaggawa don ya sa wata, ya manta sunaye da hotunan ɗalibai arba'in da ɗaya suna ciki.

Irene ta kwashi fayilolin takarda ta nufi shagon intanet. Ashirin da tara ta samu shigarwa kafin a rufe shafin. Sha biyu suka yi asarar shekara guda.

Madam Juliana ta kira shi ofis bayan iyayen da suka zo ƙorafi sun watse. "Kuskuren zaɓi zan iya yafewa," in ji ta. "Shirun da ka yi ne ba zan iya ba." Ya ajiye makullai ya fita.

Darasi a nan shi ne, kafin ka ɗora amanar mutane a kan wani abu, binciki waɗanda ke bayansa da iya tsawon lokacin da za su tsaya. In kuwa ka ga ka yi kuskure, faɗa tun da sauran damar gyara.