Tsohon Direba da Marayun Ɓeraye

Akwai wani tsohon direban bas a garin Bucaramanga mai suna Eliécer Rueda, mutum mai taurin kai da gajen haƙuri. Tun rasuwar matarsa, daga shi sai 'yarsa Yadira a gidan, kuma ba sa wata hirar kirki.

Yadira tana kiwon wata farar ɓera a keji, tana kiranta Perla. Shi kuwa ko kallonta ba ya son yi.

"Mutane suna sayen tarko, ke kina sayen keji," haka yake ce mata.

Perla ta haifi 'ya'ya biyar. Idanunsu ba su daɗe da buɗewa ba ta mutu. A makon kuma ciwon ciki ya kayar da Yadira, aka yi mata aiki a asibiti.

Da ta farfaɗo, ta kamo hannun mahaifinta.

"Baba, ban taɓa roƙonka komai ba. Kar ka bari su mutu."

Ya buɗe baki zai ƙi, sai ya ga yadda fuskarta ta faɗa. Ya ce, "To, faɗa mini yadda ake yi."

Haka dattijo ya koma ɗumama madarar jarirai, yana ɗiga musu a baki da ɗan sirinji, yana shafa cikinsu da auduga mai ɗumi. Maƙwabciyarsu Doña Nubia ta leƙo ta taga, ta kwashe da dariya.

"Maƙwabci, barka da haihuwa! Yaushe za mu kai su coci a raɗa musu suna?"

"Nubia, koma kan tukunyarki."

Ba a jima ba ya gaji da zirga-zirgar gida da asibiti. Da ya ga haƙoransu sun fito, sai ya ce ai sun girma. Ya marmasa musu busasshiyar wainar masara a keji, ya ajiye sirinjin, ya tafi wajen Yadira ya wuni.

Da ya dawo da la'asar, wainar tana nan ba a taɓa ba. Huɗu sun dunƙule a lungu. Autan kuwa yana kwance a gefe, jikinsa ya yi sanyi, da ƙyar yake numfashi.

Eliécer ya durƙusa gaban kejin. Me zai gaya wa yarinyar nan? Ya cusa autan cikin rigarsa, ya manna shi a ƙirji, ya ƙwala wa Nubia kira.

Ta dubi kejin, ta dube shi.

"Haba maƙwabci, rana ɗaya ake yaye? Ka manta yadda aka yaye 'yarka?"

"Ina kan hanya da bas lokacin," ya ce a hankali.

"Ni ina nan. Uwarta ta ba ta abinci a cokali, ta tofar, ta sake ba ta. Kuma ba ta hana ta nono ba sai da ta iya cin."

Eliécer ya nufi murhu. Ya ɗumama madara, ya zauna yana ɗiga wa autan har ya fara motsi.

Daga ranar ya bi a sannu. Madara tana nan, ga kuma kunu ruwa-ruwa da ayaba dakakkiya a murfin kwalba. Huɗun suka faɗa ciki har da ƙafafu. Autan ya ƙi. Kullum Eliécer ya lakato a yatsa ya miƙa masa, autan ya kau da kai, gobe ya sake gwadawa.

Wata safiya yana shan kofi, ya miƙa yatsa da kunu kamar kullum, sai ya ji ɗan harshe a yatsansa. Autan ya lashe tas, sannan ya ɗauki guntun ayaba da hannu biyu yana gurgura.

Dattijo ya zauna daɓas a ƙasa, ya sauke ajiyar zuciya. "Na gode maka, Allah."

Da aka sallamo Yadira, ta tarar da su biyar cif, suna kokawa a kan dafaffen ƙwai. Ta rungume mahaifinta tana kuka.

Da ta natsu ta ce, "Baba, ƙawayena za su karɓe su, ka huta."

"Su ɗauki huɗu," in ji Eliécer. "Wannan ƙaramin ba ya cin abinci a hannun kowa sai nawa."

Darasi: Duk abin da ba shi da ƙarfi, yaro ne ko mara lafiya ko dabba, da haƙuri ake tafiyar da shi, ba da gaggawa ba. Amanar da ka riƙe don wani kuma tana iya gyara tsakaninku. Ku tura wa masu raino da masu jinya, su ƙara haƙuri.